Zoɓona da Kwalbar da Ta Gaje Shi

A cikin gaɓoɓin ɗan Adam kaf, harshe ne kaɗai aka ɗora wa aiki biyu masu karo da juna. In ya fuskanci waje, babu ƙaryar da ba zai iya shirgawa ba. In ya juya ciki kuwa, bai taɓa yaudarar mai shi ba. Mutum zai iya rantsewa yana ƙaunarka alhali ko ganinka ba ya son yi, amma ba zai iya lallashin harshensa ya yarda cewa miyar da gishiri ya yi wa yawa ta yi daidai ba. A kan wannan na kafa ra'ayina game da abota da zaman duniya baki ɗaya: wanda ya sha abin hannunka ya gaya maka gaskiyar ɗanɗanonsa, ka riƙe shi da kyau. Na sha karanta wa 'yan mata wannan darasi a wata sakandare a Kano, a lokacin da ake biyana don in koya musu nahawu, kuma na shigo da shi New York ma'aikatan kwastan ba su gano ba.

Abin da ya rage mini na malanta a nan shi ne sunan. Malama ake ce mini, amma aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu, in ba su magani, in saurari labarin da suka ba ni jiya kamar yau na fara ji. Mutuncina na gaske a zoɓo yake. Daga Parkchester inda nake zaune har Harlem, in an haihu ko an ɗaura aure ko an sauke Alƙur'ani, ni ake yi wa waya. Mutanen Nijar su ce a kawo bisaf ɗin Malama, 'yan Zongon Gana su ce sobolo, ni dai in wanke tukunya. Wata ta yi suna da waina, wata da dambu, babu mai shiga gonar wata.

Aminiyata 'yar Maraɗi ce, tana sayar da atamfa da turaren wuta a wani ɗan shago a Harlem, gidanta kuma bene biyu ne tsakaninsa da namu. Ta hanyar zoɓo muka haɗu. Shekaru ashirin da wani abu da suka wuce aka yi sanarwa a masallaci cewa wata baƙuwa ta haihu, ba ta da kowa sai miji, shi ma yana kan titi da tasi. Abin da ya dace a kai wa mai jego kunun kanwa ne, amma nawa kunun ko ni ba na marmarinsa, sai na kai abin da na iya. Ta karɓi jarkar da hannu biyu, ta yi ta godiya har na ji kunya. Bayan 'yan kwanaki jarkar ta dawo a wanke, da dabino a ciki. Tun daga ranar ba ta taɓa dawo mini da ita fayau ba.

Abin da ya sa na ɗauke ta daban da sauran mata shi ne ita tana gyara mini. Kowa cewa yake, "Malama, ya yi daɗi," irin yabon da ake yi wa jaririn kowa. Ita kuwa sai ta miƙo jarka ta ce, "Malama, na wanga karon kanumfari ya hau kai, ki rage mishi." Wani lokaci ta ce in ƙara citta har ta ciji maƙogwaro. Wata shekara ta ce in janye sukari in bar tsamin ya yi magana. Ita ta sa na fara jefa ɓawon lemon zaƙi, ita kuma ta kawo mini wasu 'ya'yan ƙamshi a ƙulle a leda, kamar masoro amma sun fi shi girma, ta ce in gwada ƙwaya kaɗan. Na gwada, zoɓon ya tashi daga na kowa ya koma nawa. Na yi mamakin inda 'yar Maraɗi ta san wannan abu, sai na ce a raina ai baiwa ba ta tambayar gari.

Ba ta taɓa sha a gabana ba. Ta ce ita sai ya kwana a firji take jin gaskiyarsa. Wannan ma ya ƙara mata daraja a idona, domin na san alƙalin kirki ba ya yanke hukunci a tsaye.

A ƙofar da ke kallon tata akwai wata tsohuwa 'yar Jamaika, mai farin gashi da manyan tabarau. Duk ranar da muka haɗu a lif sai ta kama hannuna biyu ta girgiza, ta ce Allah Ya yi wa hannuwan nan albarka. Na kan gaya wa maigidana cewa mutanen tsibiran nan akwai tarbiyya.

Jaririyar da na kai wa uwarta jarka ta girma a gabana, ta zama ma'aikaciyar jinya, ta kawo wani yaro ɗan Zongon Kumasi mai natsuwa, iyaye suka yi bincike suka amince. Tun yarinyar tana rarrafe uwarta take cewa, "Ranar armen ɗiyar nan, zoɓonki za a ɗaga a teburin manya." Ba sau ɗaya ta faɗa ba, kuma ta faɗa a gaban mutane. A bukukuwanmu na nan akwai lokacin da ake tsayar da kiɗa, ango da amarya da iyayensu su ɗaga kofi a yi musu addu'a, masu hoto su yi ta walƙiya. Al'adar aro ce, na sani, amma mun riga mun yi mata wankan tsarki. Ni ba ni da 'ya mace. Wannan ɗaga kofin shi ne rabon da na sa rai da shi a bikin, kuma ban ɓoye wa kowa ba.

Ana saura 'yan makonni sai aminiyata ta kira ni.

"Malama, Asabar kina da aiki?"

"Sai da yamma. Lafiya?"

"Lahiya lau. Ɗiyarki ce ta ce a samo wani abin sha na kwalba don abokan aikinta Turawa, waɗanda ba su saba da namu ba. Wai akwai wani kanti a Manhattan da ake zuwa a ɗanɗana. Ni mi na sani? Ke ce mai harshe, ke ce mai Turanci."

Wanda ya san ni ya san ba a yi mini irin wannan kira in ƙi. Na dai tambaya ko ba giya za a kai mu sha ba da tsufanmu. Ta ce kantin gaba ɗaya babu barasa a cikinsa, kuma yarinyar ta riga ta tambayi limaminmu. Ya ce wanda aka fara yin sa giya sannan aka zare masa barasar a bar wa masu shi, wanda bai taɓa zama giya ba kuwa babu laifi. Na ce fatawar ta yi daidai da abin da ni ma zan ce da an tambaye ni.

Muka hau jirgin ƙasa mai lamba shida mu uku har da amarya. Kantin ƙarami ne, tsaf, kwalabe jere a bango kamar littattafai a laburaren da ba a barin ɗalibai su shiga. Wata budurwa mai ɗan zobe a hanci ta zaunar da mu, ta jera mana kofunan gilashi masu dogon wuya, ta ajiye wani ɗan bokitin ƙarfe a tsakiya. Na tambayi amfaninsa. Ta ce in mutum ya kurɓa ya juya a baki, sai ya tofar a ciki.

"A gabanki?" na ce.

Ta ce ai haka ake yi.

Na juya na fassara wa aminiyata. Ta rufe baki da gefen mayafi. "Mutum ya ba ka abu ka tohar a gabanai? Wallahi ko guba ce sai na haɗiye." Amarya ta ce mana don Allah mu rage murya.

Budurwar ta fara da darasi, ni kuma ina girmama duk wanda ya shirya darasinsa. Ta ce kowane abin sha ana duba abu uku: yadda ya shigo, nauyinsa a baki, da abin da ya bari bayan ya wuce. Ta ce wani busasshe ne. Na dubi kwalbar, ruwa ne a ciki yana motsi, sai daga baya na gane marar zaƙi take nufi. Ta zuba mana na fari, ruwan inabin da aka tsinka tun bai nuna ba, ta ce za mu ji ƙamshin koren tuffa da na dutsen da ruwan sama ya jiƙa. Ban taɓa lasar dutse ba, saboda haka ban yi musu ba. Tsami ne da shi mai kaifi, ya shigo da faɗa ya fita ba sallama. Na biyu ja ne, na 'ya'yan itatuwa da baƙin shayi, ta yi ta kewaye-kewaye tana neman yadda za ta bayyana abin da yake yi wa dasashi, wai kamar an shafa ƙyalle a harshe. Na ce wa aminiyata, "Bauri take son ta ce." Kalma ɗaya ce a wurinmu, duk yaron da ya taɓa gatsa ɗanyen goro ya san ta. Na uku na shinkafa ne, an kwaikwayi wani abin sha na mutanen Japan, fari-fari, mai ɗan gardi da ƙamshin kankana daga nesa. Na ce wannan kunun shinkafa ne da ya yi karatu a waje. Akwai wani mai zaƙi har yana kama leɓe, wanda amarya ta so, na ce wannan a kai wa 'yan yaye.

Na biyar ne ya sa na gyara zama. Farin shayi ne da ruwan ɗanyen inabi, launinsa kamar zumar da aka tsinka, da kumfa ƙanana masu tashi a jere ba hayaniya. Ya shigo da yami, ya zauna da ɗan bauri, ya bar wani ƙamshi a bayan harshe kamar an gasa ɓawon lemo a ɗakin da ke kusa. Na rufe ido. Na ce ga shi nan. Na yi musu bayani, har da ɗaga yatsa, cewa abincin bikinmu mai maiƙo ne, shinkafa dafa-duka da soyayyen nama, kuma abin da zai bi bayansu dole ya wanke baki, mai zaƙi kuwa ƙara nauyi zai yi. Budurwar ta gyaɗa kai. Aminiyata ta shanye nata har ƙasa, ta ce, "Abin da Malama ta ce shi ne." A lokacin ban lura ba cewa wannan bai buƙaci ya kwana a firji ba.

Na dawo gida ina jin kaina. Har na ji tausayin Turawan, da za su zauna a gefe da kwalbarsu suna kallon jan kofi a hannun manya.

Zoɓon bikin nan ban taɓa yin irinsa ba. Na tsince furen da hannu, na zubar da duk wanda ya dushe. Na jiƙa, na dafa, na tace da rariya na sake tacewa da ƙyalle. Kanumfari kaɗan, yadda ta ce. Citta har ta ciji maƙogwaro, yadda ta ce. Sukari a janye, ɓawon lemo, da 'ya'yan ƙamshin nan nata. Maigidana ya ɗauki kuloli a mota yana mitar bayansa, ni kuma na sha anko da gwaggwaron da sai da na sunkuya kafin in shiga motar.

Bayan la'asar aka fara liyafar, a wani ɗakin taro a Bronx. Komai fari: labule, kujeru, shimfiɗar tebur, har furanni. Wata mata mai waya a kunne, wadda aka ɗauka don tsara biki, ta tare mu a ƙofa. Ta leƙa cikin kula ta ce, "A'a, jan nan can baya." Na ce mata cikin Turancin da na ajiye don irin wannan rana cewa ta yi kuskure, wannan na teburin manya ne. Ta ce ba kuskure, tun watanni aka gama magana, ba za a kai abu mai rini kusa da farar riga da farin ƙyalle ba, kuma uwar amarya da kanta ta ce a ajiye shi kusa da teburin yara. Ta nuna mini wurin da baki. Kusa da ƙofar kicin ne, an tara kofunan takarda a gefe.

Tun watanni. Kenan ranar da muka hau jirgin nan an riga an gama.

Na zauna inda aka ajiye ni, kuma ba a wulaƙanta ni a wurin zama ba, ina gaba-gaba, inda zan ga komai da kyau. A kan teburin manya kwalaben nan ne a jere cikin bokitan ƙanƙara. Na gane su tun daga nesa. Da lokaci ya yi aka tsayar da kiɗa, aka buɗe su da ƙara, yara suka yi ihu. Mai gabatarwa, wani ɗan Zongo mai baki kamar rediyo, ya ɗaga hannu ya ce, "Jama'a, kada kowa ya ji tsoro, babu ko ɗigon haram a ciki! Kuma ba kowa ya zaɓo shi ba, Malamarmu ce da kanta ta je har Manhattan ta ɗanɗana ta ce wannan ne! Malama, miƙe a gan ki!"

Na miƙe. Me zan yi? Aka yi ta tafi, wata ta rangaɗa guɗa. Na yi murmushin da na saba yi wa sufeto in ya shigo aji ba sanarwa. Na taɓa karanta labarin sarakunan da ake tilasta wa su naɗa wanda ya ƙwace musu sarauta da hannunsu, amma ko su ban ji an ce an sa sun yi godiya ba. Aminiyata tana can sama da kofinta a ɗage, tana kallon wani abu mai muhimmanci a jikin silin.

Na same ta daga baya a hanyar banɗaki tana gyara ɗauri.

"Hajiya, Allah Ya sanya alheri."

"Amin, Malama. Kin ga yadda mutane suka yaba zaɓinki?"

"Na gani. Na kuma ga inda aka ajiye ni."

Ta kama hannuna. "Ki yi haƙuri don Allah. Yaran yanzu ne, wai hoto. Na rasa ta inda zan hwara gaya miki."

"Sai kika kai ni in zaɓo da kaina."

"Na ce ko ba komi hannunki ya shiga ciki."

Aka kira ta don hoto, ta tafi da sauri kamar an cece ta daga ruwa. Zoɓon kuwa yara sun sha, sun zubar, sun rina rigunansu, iyayensu mata suna hararar kuloli kamar ni na aike su.

Makonni suka wuce muna gaisawa irin ta mutanen da suka haɗu a asibiti. Ban aika jarka ba, ba ta tambaya ba. A raina na riga na yanke hukunci, kuma na yi mata sassauci: ta ci amanata a biki saboda kara, ta kasa kallon idona ta faɗi abu mai ɗaci, wannan ciwo ne da yawancinmu muke ɗauke da shi. Amma shekarun da ta yi tana gaya mini gaskiya a kan kanumfari suna nan, ba wanda zai goge su. Mai gyara maka zoɓo shekara ashirin ba a yar da shi saboda yini guda. Har na fara tunanin ranar da zan huce.

Ran nan da hantsi amarya ta zo yi mini bangajiya, ta kawo kulolina a wanke da turmin atamfa daga uwarta. Hausarta irin ta 'ya'yan nan ce, tana tafiya tana dogara sanda, in ta gaji ta koma Turanci. Ta durƙusa ta ba ni haƙuri, ta ce laifinta ne, ita ta nace a kan fari. Na ce ya wuce. Na ɗauko mata zoɓo mai sanyi, na ce ta tafi wa uwarta da sauran, in dai har yanzu tana so.

Ta yi dariya. "Anti, ai Mama ba ta shan zoɓo."

Na ce ban ji ba.

"Ba ta sha. Jininta ƙasa yake, in ta sha jiri take yi. Tun tana da cikina ta daina. Na ɗauka kin sani."

"Jarkar da nake aikawa fa?"

"Maƙwabciyarmu take kai wa, tsohuwar nan mai tabarau. Ai su ma suna yin zoɓo a ƙasarsu, lokacin Kirsimeti. Mama ta ce ranar farko ta ji kunyar ta ce miki ba ta sha, kin taho da shi da hannunki. Daga nan kuma ya yi latti."

Na ajiye kofin da ke hannuna a hankali, domin na gilashi ne.

"To wa ya ce kanumfari ya hau kai?"

"Ita tsohuwar. Ita ke faɗa, Mama ta kawo miki. 'Ya'yan ƙamshin nan ma ita ta bayar." Yarinyar ta ɗaga kofinta ta kurɓa, ta lumshe ido don ta faranta mini. "Tana ji da ke sosai, Anti. Ta ce ta sha na mutane da yawa a garin nan, amma tun da kika rage sukari babu wanda ya kai naki daɗi in ta zuba masa giyar rake."